Gwangwanin Kawu Tijjani a Gonar Dabino

Bari in fara da amsa laifina, tunda kun hana ni shan ruwa tun ranar da na dawo. Ni ne na ce muku zan je Madina in fito a fim. Na faɗa a aji, na faɗa a filin ƙwallo, na faɗa wa mai shayin bakin layinmu har ya ƙara mini madara kyauta. Abin da ya jawo kuwa bai taka kara ya karya ba. Na ji Umma a waya tana cewa, "Yaya Tijjani dai har yanzu yana nan da maganar fim ɗin nan nasa," ni kuma ban tsaya jin ƙarshen zancen ba, na wuce kasuwa na sayo baƙin tabarau. To, babu fim ɗin da na fito. Ga yadda aka yi, kowa ya karanta, kada a sake tare ni a hanya.

Kawu Tijjani shi ne babban wan Umma. Injiniyan ruwa ne, ya yi sama da shekara talatin yana aiki a Madina. Bana shekarunsa suka kai na ritaya, ciwon suga kuma ya taɓa masa ido, sai kamfaninsu ya ce ba zai sabunta masa iƙama ba, wato takardar zama. Dole ya tattara ya dawo gida. Matarsa ta rasu a can, 'yarsa ɗaya tak, Hanan, tana aure a can kuma tana aiki a kantin magani. Aka rasa wanda zai je ya taya shi ɗaure kaya ya riƙo masa hannu zuwa Kano, aka duba aka ga ni ne ba ni da aikin fari balle na baƙi a wannan dogon hutun. Hanan ta yi mini bizar ziyara.

Maƙwabciyarmu Hajiya Ladi aka damƙa wa ni, don za ta umara. Umma ta cika mini jaka da kuka da daddawa da kilishi, kamar an ce mata Kawu zai buɗe rumfa a can, alhali kwana ashirin suka rage masa. Maganar jirgi ba zan tsawaita ba. Kunnena ya toshe tun muna saman Kano, bai buɗe ba sai a Jidda, don haka duk nasihar da Hajiya ta yi mini ta awa huɗu bakinta kawai na ga yana motsi. Wannan ce ni'ima ta farko da na samu a tafiyar.

A Jidda jami'in da ya karɓi fasfona bai fi ni da shekara biyar ba. Ya ce in ɗora yatsu a kan na'ura. Na'ura ta ƙi ni. Tafin hannuna ya yi gumi kamar na ɓarawon da ya ji an ce a rufe ƙofa. Ya ce, "Marra taniya," in sake. Na sake. Sau bakwai muna haka, layin bayana ya kai Bahar Maliya, har wani tsoho ya fara yi mini addu'a da ƙarfi. Da na wuce nan sai aka buɗe jakata. Mai binciken ya kwance ledar daddawa, ya shaƙa sau ɗaya, ya ja da baya taku uku ya kira abokinsa ya zo ya shaida. Hajiya Ladi tana ta cewa, "Akil, akil!" wato abinci, tana nuna baki. Suka bar mana daddawar, ina jin tsoron ajiye ta a ofishinsu suka yi. Kilishin kuwa suka riƙe, wai nama ba ya shiga. Har yau in na tuna sai in ji kamar an yi mini rasuwa.

Hajiya ta sa ni a motar Madina, ita ta nufi Makka. Hanyar ta ba ni mamaki. A namu titin, kafin ka je Zariya ka sayi rake, ka sayi awara, an leƙo ta taga an yi maka tallar maganin basir. Nan kuwa baƙaƙen duwatsu ne kawai hagu da dama, ko akuya ba ta gitta ba. Waje wuta, cikin mota kuma sanyi kamar an saka mu ne don kada mu lalace. Da aka tsaya cin abinci na zauna tire ɗaya da wani dattijo baƙi da na ɗauka Balarabe ne. Ina tsakiyar fama da shinkafa da kaza ya dube ni ya ce da Hausa, "Yaro, kai ɗan wace ƙasa ne, Kano ko Katsina?" A Sudan aka haife shi, bai taɓa taka Najeriya ba, amma ya tambaye ni ko har yanzu ana rufe ƙofofin birni da magariba. Na ce masa ana rufewa, ni ma nakan taya turawa. Allah Ya yafe mini.

Da la'asar sakaliya muka shiga Madina. Daga taga na hango Kawu a tasha, dogo, da farar jallabiya, wata mace cikin baƙar abaya tana riƙe da gwiwar hannunsa. Na sauko da gudu ina washe baki. Ya miƙa hannu da fara'a, ya yi wa wani ɗan Bangaladash da ke gefena barka da zuwa. A nan dariyar da na taho da ita ta maƙale. Umma ta ce idonsa ya yi rauni, ba ta ce ya kai haka ba. Da na yi magana sai ya juyo, ya kama fuskata da hannu biyu yana shafawa.

"Lukman ne? Kai, hancin babanku ka ɗauko, Allah Ya ba ka haƙuri."

Hanan ta ce, "Yalla ya bawana, ɗauki shanta, jakarka, mota tana can."

A Madina aka haife ta. Tana jin Hausa tsaf, amma in za ta mayar sai ta fara da Hausa ta ƙare da Larabci. Al'ada ɗaya ce ta riƙe gam: ita 'yar namiji ce, ni ɗan mace, don haka ni bawanta ne. Na ce mata a Kano an daina wannan tun zamanin Turawa. Ta ce labarin bai iso Madina ba tukuna.

Gidan Kawu a unguwar Jurf yake, hawa na biyu, duk kwalaye. Unguwar shiru kamar an yi wa kowa laifi. Ba yara a layi, ba mai sallama ya shigo aron tsintsiya, maƙwabcin da ke ƙofa da ƙofa da mu sau ɗaya na ga ƙeyarsa. Da safe mukan ci ful, wani dafaffen wake da aka dama, da faffaɗan burodi mai zafi wanda zai iya rufe tukunyar biki. Rana ta biyu mijin Hanan ya zuba mini gahawa a ɗan kofi kamar murfin kwalba. Ɗaci kamar maɗaci. Na shanye don kunya, ya ƙara. Ashe sai ka girgiza kofin ake sanin ka ƙoshi. Kofi tara na sha, har na fara jin bugun zuciyata a cikin haƙora.

A rana ta uku, muna ɗaure littattafai, na kasa haƙuri na ce, "Kawu, wai ina fim ɗin? Wa da wa suka fito?"

Ya ce in ture kwali in zauna.

Yana saurayi gwamnati ta tura shi karatu ƙasar Sifen. Ya kama hayar ɗaki a gidan wani tsoho mai gyaran rediyo, ana ce masa Don Farmin. Sai da ya yi wata shida a gidan ya gane cewa tsohon nan, tun zamanin da fim ba ya magana, ya taɓa zama mai shirya finafinai. Amma ba irin wanda muka sani ba. Ba labari, ba jarumi, ba soyayya. Wanda ya fi ji da shi, daga farko har ƙarshe hannaye ne kawai: hannun mai kwaɓa fulawa, hannun mai tsinkar zaitun, hannun jariri, hannun gawa. Ko fuska ɗaya babu. Yakan juya na'urar ɗauka ruwa ya riƙa hawa sama, yakan yanka hoto ya haɗa da wani tun kafin ido ya zauna.

Na ce, "Kawu, kuma mutane suka biya suka kalla?"

"Suka biya, suka kalla, suka jefe shi da takalma. Duk wannan yanke-yanken da kuke gani a waya yanzu kuna cewa gwaninta, shi aka fara jifa a kai."

Daga baya yaƙi ya ɓarke a ƙasar, 'yan uwa suka juya wa juna bindiga. Abokansa wasu aka kashe, wasu suka gudu, finafinansa suka ƙone tare da ɗakin ajiyarsu. Gwangwani ɗaya ya tsira, na hannayen nan, a ƙarƙashin gadonsa. 'Ya'yansa ba sa son ko jin zancen. Kawu ne kaɗai yakan zauna ranar Lahadi tsohon ya haska masa a bangon kicin. Ya ce ya kalla ya fi sau ashirin. Ranar da zai taho tsohon ya ɗora masa gwangwanin a hannu ya ce, "Tafi da shi nesa. In na mutu, da shara za su haɗa."

Yanzu kuma, in ji Kawu, ƙasar ta farka. Ana rubuta littattafai a kan Don Farmin, manyan masu shirya fim suna cewa su jikokinsa ne, amma babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa ganin aikinsa. Abin da suke karantawa zagin da jaridun wancan lokacin suka yi masa ne. Wata malamar jami'a, Malama Marta, ta tsinci sunan Kawu a wata tsohuwar wasiƙa, ta yi shekara biyu tana cigiya har ta same shi. Irin wannan tsohon fim yana kama wuta kamar fetur, ba a shiga jirgi da shi yanzu. Ta ce a buɗe a nuna mata ta waya. In yana da rai za ta taso da kanta zuwa Jidda da ma'aikata, kafin ranar fitar Kawu.

"Shekara arba'in da ɗoriya ina riƙe da amanar mutumin nan, Lukman. So nake in sauke ta tun ina da hannun saukewa."

"To yana ina?"

"Unguwar Awali. Cikin dabino."

Zafi ne ke kashe irin wannan fim. Da farko a firjin gida ya ajiye shi, har marigayiya ta gaji ta ce ko gwangwani ko tumatir. Sai ya kai wa abokinsa Malam Idi, mai kula da wata gonar dabino da ke da ɗakin sanyi. Shekara goma sha biyu ke nan.

Kafin mu je, ranar Juma'a, na raka shi masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Nan kam bakina ya mutu, ba ni da abin ƙarawa. Bayan salla muka shiga maƙabartar Baƙi'a, inda matarsa take. Ba suna, ba alama, duwatsu ne kawai iri ɗaya har iyakar gani. Ya ce da can yakan gane wajen da lissafin taku daga wata kwana. Muka yi ta lissafi muna ɓacewa. Daga ƙarshe ya tsaya inda muka tsinci kanmu ya yi addu'a, ya ce, "Duk ɗaya ne, maƙwabtanta ne." A mota na kama bakina, abin da Umma ba za ta yarda ya faru ba.

Asabar da hantsi Hanan ta ja mu zuwa Awali. Doguwar katanga, ƙofar ƙarfe, ciki kuma dabino jere-jere da ruwa yana bin ƙananan magudanai. Malam Idi ya taro mu da gudu. Gajere ne, mutumin Damagaram, ya fi shekara ashirin a gonar. Ya rungume Kawu, ya cika mini aljihu biyu da ɗanyen dabino tun kafin ya tambayi sunana.

"Injiniya! Marhaba, marhaba. Yau za a raba ni da ɗana ke nan?"

Ya shiga ɗakin sanyi ya fito da wani ƙunshi a rungume, an naɗe da bargo, an ɗaure da igiya. Muka zauna a inuwa. Hanan ta jera safar hannu da takunkumi a kan tabarma, tana jiran lokacin da Malama Marta ta ce za ta kira. Malam Idi yana kwance igiya yana ba da labari, fuskarsa fal alfahari.

"Wallahi Injiniya, ko rana ɗaya ban bar shi ya wulaƙanta ba. Ka san in dabino ya ƙare, kafin sabo ya nuna, mai gona yana kashe firigon, wato firjin ɗakin nan, wata biyu, wai kuran, wutar lantarki, tana tsada. To ni ba na barin amanarka cikin ɗaki ba kowa, ga ɓeraye. Ɗakina nake kai shi. Kuma ba ƙasa ba, Allah shi kiyaye. Can saman kwaba, kusa da rufi, inda nake aje Alƙur'anina."

Hanan ta daina abin da take yi. Ta ce, "Ya Ammi, wane wata ake kashewa?"

"Farkon zafi mana, 'yata. Kowace shekara."

Na waiga na kalli ɗakin nasa. Rufin kwano ne. Ko daga inda muke ana ganin iska tana rawa a kansa.

"Da ya fara ɗan wari ma," in ji Malam Idi, "kowace Juma'a sai na sa garwashi na turara shi."

Hanan ta ce wani abu da Larabci wanda ban ji ba, amma na gane salati ne. Kawu bai motsa ba. Ya ce, "A buɗe."

Murfin ya yi tsatsa, sai da na sa wuƙar Malam Idi. Yana ɗagawa wari ya buge ni. Ku tuna ɗakin kwananmu na makaranta ranar da aka dawo daga wasan ƙwallo, ku haɗa da ruwan batir. Abin da ke ciki kuma ba fim ba ne. Wani dunƙule ne ruwan ƙasa, ya narke ya haɗe kamar alewar da aka manta a aljihu, gefe-gefe duk gari.

"Lukman, me kake gani?"

Kun san ni. Ƙarya ba ta yi mini wuya, a kan abin da bai kai wannan ba ma na yi. Na kalli Hanan, ta kawar da kai. Na kalli Malam Idi, yana murmushi yana jiran yabo. Na ce, "Yana nan, Kawu. Ɗan datti ne a sama." Na ɓanɓaro wani ɓallin da ba komai a jikinsa na ɗaga sama. "Ga hannun matar nan ma, tana kwaɓa fulawa."

"Masha Allah. A wane hannu zoben yake?"

"Dama."

"Ba ta da zobe." Ya numfasa. "Idona ne ya mutu, ɗan nan, ba hancina ba. Tun kana kokawa da murfin na sani. Faɗa mini gaskiya."

Na faɗa masa. Ban taɓa jin gaskiya ta yi mini nauyi a baki irin na ranar ba.

Malam Idi ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, murmushin yana zamewa. "Mi ya faru? Injiniya, mine ne a ciki?"

"Majigi ne, Idi. Tsohon fim. Zafi ne ba ya so."

"Majigi?" Ya dafe kai da hannu biyu. "Kai ka ce mini amana ce! Na ɗauka takardun gado ne, ko wani rubutu na malamai. Majigi! Ni da nake tafiyar ƙafa daga ƙauyenmu in je kallo, har babana ya karya sanda a bayana? Da ka faɗa mini, ai ko firigon mai shago na roƙa!"

"Na sani."

"To don mi ba ka faɗa ba?"

Kawu ya ce, "Kunya. Muna sahu ɗaya da kai a masallaci. In ce maka dattijo kamata, a garin Manzo, abin da yake ɓoyo fim ɗin wani Bature ne? Na ce maka a bar shi a sanyi, ban ce maka don me ba. Laifina ne, ba naka ba."

Malam Idi ya fara kuka, irin na manya, ba sauti. Kawu ya lalubo gwiwarsa ya dafa. A daidai nan wayar Hanan ta yi ƙara.

Malama Marta farar mace ce mai furfura da tabarau. Ta fito a waya tana murmushi, a bayanta mutum huɗu sun leƙo kai. Kawu ya yi mata magana da Sifaniyanci, karo na farko da na ji shi yana yi, kamar ba bakinsa ba. Hanan ta juya wayar kan gwangwanin. Ban san yarensu ba, amma na ga mutum huɗun nan suna janyewa ɗaya bayan ɗaya. Ita ta cire tabarau ta goge. Sannan ta ce a duba can tsakiya, wani lokaci na ciki yakan tsira.

Ni na yi aikin, da safar hannu, ina ɓarewa a hankali kamar albasa. Duk inda na taɓa sai ya ruguje. Sai can kusa da cibiya na ji wani abu ya zame salin-alin. Na jawo. Bai fi kamu ɗaya da ɗan ƙari ba. Na ɗaga shi ta wajen haske tsakanin ganyen dabino.

"Akwai hoto, Kawu. Wallahi akwai."

"Me ke ciki?"

"Hannu ne a kan tebur, kusa da gutsuren burodi. Ƙuda ya sauka a kan burodin. Hannun ya ɗaga kamar zai kore shi, sai kuma ya fasa, ya koma ya kwanta."

"Lukman."

"Na rantse, Kawu."

"Babu ƙuda a fim ɗin nan. Na kalle shi ya fi sau ashirin."

Hanan ta karɓa ta duba da kanta, ta daɗe. Ta ce, "Yaba, sahih. Akwai ƙuda. Bawan nan gaskiya ya faɗa."

Na ɗauka zai yi murna. Sai na ga fuskarsa ta faɗa fiye da lokacin da aka buɗe murfin. Ya ce a hankali, "Ban tuna shi ba." Ya sake cewa, "Ko kaɗan ban tuna shi ba. To me kuma na manta?" Duk shekarun nan yana ganin ko gwangwani ya lalace akwai wani a kansa. Ashe na kan ma ya sha nasa zafin.

Malam Idi ya kawo shinkafa da naman rago, wai tun jiya ya yi cefane don walimar sallama. Ba wanda ya ci na kirki sai ni, kuma ni ma don kada ransa ya ƙara ɓaci ne, sai dai na ɗan wuce gona da iri.

Sauran kwanakin ɗaure kaya ne da sallama. Malama Marta ta ce dunƙulen haɗari ne, a nutsar da shi a ruwa a ba masu kwashe irin wannan shara, Hanan ta san hanyarsu ta wajen aikinta. Ta kuma roƙi Kawu ya ba da labarin fim ɗin da baki, daga farko zuwa ƙarshe, a naɗa. Kwana uku muna yi bayan sallar la'asar, ni ke riƙe da waya. Yakan yi nisa sai ya tsaya ya ce, "A'a, jaririn ne kafin zaitun, ko zaitun ne kafin jariri?" Ya tambaye ni, ni da ban taɓa gani ba. Sau biyu na kusa ba shi amsa.

Ɗan kamun da ya tsira, ba jirgin da zai ɗauka, ba gidan waya da zai karɓa. Muka manna shi a gilashin taga, Hanan ta ɗauki hotunan ɗaya bayan ɗaya, guda ashirin da tara, ta tura. Ɗan guntun fim ɗin kansa yana firjinta a cikin kwalbar magani, ta rubuta da manyan baƙaƙe abin da ke ciki da dalilin ajiye shi a sanyi, da Larabci da Hausa. Malam Idi ya rako mu har tasha da kwalin dabino wanda sai da mutum biyu suka ɗaga. Bai yarda ya haɗa ido da Kawu ba, ko da yake Kawu ba zai gani ba.

Malama Marta ba ta zo Jidda ba. Bayan mun dawo da wata guda ta turo hotunan an haɗa su suna motsi. Bai cika daƙiƙa biyu ba. Ta ce sun nuna shi a wani taro, sai da aka maimaita sau goma a jere, don kafin mutum ya gyara zama ya ƙare. Kawu yana gidanmu yanzu, a ɗakin da ke kusa da zaure. An yi masa aikin ido a nan Kano, bai yi ba, don haka shi bai gani ba.